Mama Tela Ta Kama Sitiyari

Makarantar koyon tuƙin ta wa da ƙanwa ce. Mahaifinsu ne ya bar musu ita: ofis ɗaya mai tsohuwar fanka, rumfa da benci a ƙofa, motocin koyo masu birki a ɓangaren malami, sai wani fili a bayan gidan mai inda suke jera tsofaffin tayoyi su zama kwana da wurin fakin. Wan, kowa Yaya yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Ƙanwar kuwa ɗalibai ne suka laƙaba mata Anti Birki, saboda kalmar da ta fi fita daga bakinta ke nan, kuma da ƙarfi take fita.

Yaya hanyarsa ɗaya ce. Ko wane ne ya zo, zai zaunar da shi ya fara bayani tun daga makulli har zuwa salansa, ba ya tsayawa sai an kashe mota. Ya yaye mutane da yawa a haka, don haka ba ya ganin dalilin canzawa. Anti Birki ba ta yarda da hanya ɗaya ba. Takan ce tun daga yadda mutum ya buɗe ƙofar mota take gane irinsa. Akwai wanda zai faɗa kujera ya cafki sitiyari kafin a ce masa komai. Irin wannan sai an bar shi ya kusa bugun wani abu yake fara saurare. Akwai mai neman dalilin kowane ƙusa. Akwai kuma wanda in ba a ce masa madalla ba a kai a kai, sai ƙafarsa ta fara rawa. Ba kasafai take kuskuren karanta mutum ba, kuma ta san da haka.

Wata rana da hantsi Yaya ya shigo ofis, ya jefa makulli a kan tebur, ya zube a kujera.

"Auta, matar nan ba za ta iya ba."

"Wace mata?"

"Telar nan mai zuwa da mijinta. Har yanzu ba ta tayar da mota ba tare da ta mutu ba. Ba ta tambaya, ba ta musu, ba ta ko murmushi. Mutum ya yi ta magana kamar da bango yake yi. Ina ganin shekaru ne."

"Kana barin ta ta yi maganar?"

"Wa ya riƙe mata baki?"

"Ba ni ita," in ji Anti Birki, ba tare da ta ɗago kai daga shayinta ba.

Ta san su, tana ganin su kullum. Matar doguwa ce, marar jiki, ta haura hamsin, tana da shagon ɗinki a cikin gidanta, shi ya sa ake ce mata Mama Tela. Mijin kuwa tsohon direban babbar mota ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana dakon kaya daga gari zuwa gari. Ciwon ido ya kama shi, ganinsa ya yi ta raguwa har ya zama haske da inuwa kaɗai yake bambancewa. Likita yana son ganin sa a kai a kai a asibitin ido da ke can ƙetaren gari. 'Ya'yansu aiki ya kai su nesa. Ƙaramar motarsu tana nan lulluɓe da tamfol a tsakar gida. Matar ta gaji da tsayawa da shi a bakin titi cikin rana suna jiran tasi, sai ta kamo hannunsa suka zo makarantar.

Washegari Anti Birki ta tsaya tana kallon yadda Mama Tela za ta shiga mota. Ta buɗe ƙofa a hankali, ta zauna, ta gyara kujera, ta gyara madubi, ta sake gyara shi, ta ɗora hannuwa a kan cinya tana jira. Mai tsoro ce, Anti Birki ta faɗa a ranta. Lallashi take buƙata. Mijin, Baba Direba, ya lallaɓa ya shiga baya, ya gyara baƙin tabaransa, ya matso har numfashinsa yana taɓa wuyan matarsa.

"To, Mama, bismillah. Ki kwantar da hankalinki, babu abin da zai faru," in ji Anti Birki.

Mota ta tashi. Baba ya fara.

"Taka kuloci har ƙasa. Har ƙasa na ce. Yauwa, sa giya. Saki a hankali, a hankali, ba ta totur kaɗan. Kin yi yawa. Kin ji yadda injin yake kuka? Rage."

Motar ta yi tsalle ta mutu.

"Madalla, Mama, kin yi ƙoƙari," in ji Anti Birki. "Mu sake."

Suka sake, ta sake mutuwa. Baba yana ta ba da umarni daga baya, Anti Birki tana ta yabo daga gefe, matar kuma sai ƙara sandarewa take yi kamar an dasa ta a kujerar. Abin da Anti Birki ta lura da shi, bai yi kama da tsoro ba. Hannun matar ba ya rawa. Ba ta gumi. Komai tana yin sa daidai, sai dai a makare, kamar mai jiran a gama magana kafin ta motsa.

Can Yaya ya leƙo ya ce shayi ya dahu, ya kama hannun Baba suka nufi rumfa, don dama jininsu ya haɗu, in suka zauna hirar injuna ba sa sanin wucewar lokaci. Motar ta yi tsit. Mama Tela ta bi su da kallo har suka zauna, sannan ta juyo.

"'Yata, zan faɗa miki wata magana, kada ki ji haushi."

"Faɗi, Mama."

"Ki daina ce mini madalla. Motar ta mutu, kin ce madalla. Ni da ke duk mun ga ta mutu."

Anti Birki ta tsaya turus, sai kuma dariya ta ƙwace mata. Rabon da ɗalibi ya gyara mata zama haka har ta manta, kuma abin bai yi mata zafi ba, daɗi ma ya yi mata.

"Na ji. To me kike so?"

"Ki yi sau ɗaya, ina kallon ƙafarki. Sai ki bar ni da ita, ki yi shiru. Haka na koyi ɗinki. Na kalli matar da ta koya mini, na koma gida na yi ta ɓata yadi har hannuna ya gane. In ana ce mini yi kaza, bar kaza, sai kaina ya bar aikin ya koma jiran umarni na gaba."

"Me ya sa ba ki faɗa wa Yaya ba?"

"Bai bar wurin da zan sa maganar ba."

"Baba fa?"

Mama Tela ta kalli rumfar. Mijinta yana nuna wa Yaya wani abu da hannu biyu, kamar yana juya babban sitiyari.

"Shi ba zan iya ba. Idon ya tafi masa da tuƙi. In na ce ya yi shiru, me na bar masa?"

"Bar mini wannan," in ji Anti Birki.

Ba ta iya kewaye-kewaye ba, don haka ba ta yi ba. Ta jira Yaya ya tafi da wani ɗalibi, ta zauna kusa da tsohon a kan benci.

"Baba, daga gobe ina so Mama ta riƙa shiga mota ni da ita kaɗai."

Ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

"Ni za ki fitar daga mota? Tun ba a haife ki ba nake kan titi."

"Na sani. Duk abin da ka faɗa mata yau daidai ne, ban ji kuskure ko ɗaya ba. Amma Mama ba ta koyo da kunne. Da ido da ƙafa take koyo. Ni ma yau na gane, sai da ta faɗa mini in rufe nawa bakin."

"Ita ta ce a fitar da ni?"

"A'a. Cewa ta yi ba za ta iya faɗa maka ba. Ni ce na iya."

Ya cire tabaran, ya goge shi da bakin riga, ya mayar.

"Yarinya, in na zauna a mota ban yi magana ba, sai in ji kamar kaya aka ɗauko. Buhu. Ba na ganin hanya. Injin kaɗai nake ji, shi kuma in na ji shi, dole in amsa masa."

Yana rufe baki sai ga wata murya tun daga bakin gidan mai, tana gaida kowa, tana ba mai gadi labarin cunkoson hanya, tana kuma amsa waya duk a lokaci guda. Wata mai gyaran gashi ce, ɗalibar Anti Birki, wadda ake kira Rediyo. Ita da baki take koyo. In malama ta yi shiru na ɗan lokaci sai ta taka birki a tsakiyar fili ta ce, "Anti, kin yi shiru, na yi wani laifi ne?" Duk ranar darasinta Anti Birki da ciwon kai take komawa gida.

Ta kalli Rediyo, ta kalli tsohon.

"Baba, ga wata nan da ba ta ƙoshi da bayani. Zan mayar da ita motar Yaya. In ka yarda, ka zauna musu a baya."

"Don ki rabu da ni."

"Don in rabu da ku duka biyun," ta ce. "Amma za ta ƙaru da kai, wannan ba wasa nake yi ba."

Ya yi ɗan tsaki, amma gefen bakinsa ya motsa.

Haka aka yi. Daga ranar, motar Yaya ta koma kasuwa. Daga wancan ƙarshen fili ana jiyo su, Yaya yana bayani, Baba yana gyara masa, Rediyo tana yi musu tambaya kafin su amsa ta baya. Wani lokaci sai motar ta tsaya cak, su ukun suna musu a kan ko ana saukowa gangara da giya ko da birki. Rediyo ta ce tun da ta fara koyo ba ta taɓa jin daɗin darasi irin haka ba. Cikin ɗan lokaci ta iya ribas.

A wannan ɓangaren kuwa, Anti Birki ta cire takalminta don a ga ƙafar sosai, ta tayar da mota sau ɗaya, ta zagaya, ta tsaya. Mama Tela ta sunkuya tana kallo, ko ƙiftawa ba ta yi. Suka yi musayar kujera. Motar ta mutu. Ta sake tayarwa, ta mutu. Anti Birki ta naɗe hannuwa a ƙirji ta kafa wa gilashi ido. Ba ta taɓa sanin shiru yana da nauyi haka ba. A wani karon motar ta motsa sumul, ta tafi, ta doshi jerin tayoyi. Bakin Anti Birki ya buɗe. Ta cije leɓe. Motar ta daki taya a hankali, tayar ta gangara ta faɗi.

Mama Tela ta kashe mota, ta fita, ta je ta duba inda ta daka, ta duba inda tayar motar ta bi a ƙasa, ta ɗaga tsohuwar tayar da kanta ta mayar wurinta. Ta dawo ta zauna, ta ɗan ja kujera gaba. Ba ta sake bugun taya ba, ranar ko bayanta.

Sannu a hankali suka bar fili suka shiga layuka, daga layuka suka hau babban titi. Anti Birki takan nuna hanya da yatsa kawai. In akwai gyara, sai an tsaya an kashe mota take faɗin sa, a taƙaice, Mama ta gyaɗa kai. Ranar jarrabawa mai jarrabawar ya fito daga motar yana cewa ya daɗe bai ga mai fakin a natse kamar matar nan ba. Da lasin ya fito, Yaya ya juya shi gaba da baya yana kallo.

"Ni dai na yi iya ƙoƙarina da ita," ya ce.

"Ka yi, Yaya. Har ya yi yawa."

Amma Anti Birki ta san aikin bai ƙare ba. Ba don ta riƙa yawo ita kaɗai matar ta koyi mota ba. Mutumin da za ta riƙa ɗauka shi ne wanda aka fitar. Sai ta ce ranar ganin likita mai zuwa za ta bi su, a motarsu, ta zauna a baya. Ta kuma ja Baba gefe ta karɓi alkawari: daga gida har asibiti, ko tari ba zai yi ba. Ya ce ya ɗauka.

An yaye tamfol, makaniki ya duba motar, an wanke ta. Da safe Anti Birki ta same su a shirye. Ta shiga baya, ta ga babu birki a gabanta, babu komai sai tabarmar roba. Baba ya zauna a gaba, ya ɗora tafukan hannu a kan gwiwoyi, ya miƙe wuya kamar mai jiran a ɗauke shi hoto.

Suka fita layi lafiya. Suka hau titi. Sai Anti Birki ta ga abin da ba ta zata ba: tuƙin ya lalace. Mama ta makara wajen canza giya. Ta manta sigina a wata kwana. A danja ta tsaya da ƙarfi har kawunansu suka yi gaba. Kuma duk bayan ɗan lokaci sai ta saci kallon mijinta. Shi kuwa muƙamuƙinsa sai motsi yake yi, gumi yana gangaro masa ta bayan kunne, amma bai ce uffan ba.

Kafin babban shataletalen da ke tsakiyar gari, inda hanyoyi suke haɗuwa motoci suna kutsawa ta ko'ina, Mama Tela ta sa sigina, ta gangara gefen titi, ta tsaya a gaban wani shagon katifu.

"Baban yara, lafiyarka ƙalau?"

"Ƙalau."

"To me ya same ka?"

"Alkawari na yi wa yarinyar nan."

Mama Tela ta juyo ta kalli Anti Birki, ba da faɗa ba.

"'Yata, kin yi mini gyara, amma kin wuce wuri. Mutumin nan tun da na aure shi ban taɓa jin ya yi shiru haka ba sai in zazzaɓi ya kwantar da shi. Ina tuƙi ina tunanin ko wani abu ne yake damun sa."

"Na ɗauka shiru kike so, Mama."

"Naki shirun nake so. Nasa ba na so." Ta koma kan mijinta. "Maganarka ba ta taɓa hana ni aiki ba. Shekara da shekaru ina kan keke kana zaune a bakin ƙofa kana ba ni labarin hanya, ka taɓa ganin ɗinkina ya karkace? Koyarwar ce ba na so. Ka ba ni labari."

"Wanne?"

"Ko wanne. Duk na haddace su, ba sai na saurara ba."

"Au, dama ba kya saurara?"

"Ina jin muryarka. Ita nake so."

Tsohon ya yi gyaran murya. Kafaɗunsa suka sauka. Anti Birki ta jingina da kujera, ta ƙara wannan a cikin abin da ta sani game da mutane.

"Na taɓa gaya miki ranar da na ɗauko gangunan roba?" ya ce.

"Ka faɗa wa Anti, ita ba ta ji ba."

Ta duba madubi, ta sa sigina, ta hau titi.

"To, yarinya, ganguna ne fanko, an loda mini su har sun fi kan motar tsawo. Na ce wa mai kayan igiyar nan ba ta yi mini ba, ya ce sabuwa ce. Muka kama hanya. Akwai wata gangara mai tsawo, a ƙasanta akwai ɗan ƙauye da kasuwa a bakin titi..."

Motar ta isa bakin shataletale. Mama ta rage gudu, ta tsaya, ta bar wata tanka ta wuce, ta bar wasu ƙananan motoci. Na bayanta ya danna oda. Ba ta ko kalle shi ba. Da ta ga sarari ta shiga, sumul, kamar ta shekara tana bin wurin.

"...ina tsakiyar gangara sai na ji tas. Na duba madubi, sai ga ganga tana bi na. Kafin in ce me, wata ta wuce ni ta dama, wata ta hagu."

Wata bas ta kutso daga gefe ba sigina, ta yanko gabansu. Ƙafar Anti Birki ta danna tabarmar roba da dukkan ƙarfinta. Hannun Baba ya tashi daga gwiwarsa, don ya ji ƙarar injin bas ɗin kusa, ya tsaya a sama. Mama ta taka birki daidai gwargwado, ta bar bas ɗin ta wuce, ta sauke giya, ta ci gaba.

Hannun ya koma gwiwa.

"Ina na tsaya?" ya ce.

"Ganguna sun wuce ka," in ji Mama.

"Sun wuce ni. Kayan da na ɗauko suka riga ni isa. Da na sauko na tarar 'yan kasuwa sun dare, kowa ya hau abin da ya samu, wani tsoho yana kan rufin rumfa yana tambaya ko sun ƙare. Yini muka yi muna tsintar ganguna a gonakin mutane. Wata mata ta ce wadda ta shigo gidanta ta zama tata, tun da ba ita ta kira ta ba."

Anti Birki ta yi dariya har da hawaye. Kafin ta gama goge ido sun fita daga shataletalen, sun miƙe hanyar asibiti.

A wurin ajiye motoci Mama ta sami gurbi tsakanin wata farar mota da bango. Ta shiga da baya, a hankali, ta ja birkin hannu, ta kashe. Baba ya buɗe ƙofarsa, ya miƙa hannu ya shafa bangon, ya shafa gefen motar.

"Ta ɗan karkace," ya ce.

"Haka nake son ta. Ɓangarenka na bar wa wuri don ka fita ba ka bugu ba."

Ya sauko da ƙafafunsa. Ta zagayo ta kama masa gwiwar hannu. Anti Birki ta rataya jakarta.

"Mama, ni zan wuce. Ina da ɗalibi da rana."

"Ba za ki jira mu koma tare ba?"

"Me zan yi muku? Ku koma abinku."

"Yarinya," in ji Baba, "ki gaya wa yayanki gobe ina nan tafe. Mun bar wata magana a kan giya ba mu ƙarasa ba, kuma shi ne ba shi da gaskiya."

"Zan faɗa masa, Baba. Amma ka san ba zai yarda ba."

"Shi ya sa zan zo."

Suka nufi ƙofar asibitin, yana ci gaba da ba ta labarin matar da ta riƙe ganga. Anti Birki ta tsallaka titi zuwa tashar bas.